Kafin A Sayar Da Gida Don Yaro Ya Koyi Tuƙin Jirgin Sama

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiya a Agege, Ikko.

 

Wasu za su yi mamaki a ce ɗan kasuwa aka miƙa wa lasifika ya yi magana a kan tuƙin jirgin sama. Mu ma mun yi mamakin. Iyakar karatunmu allo ne da Islamiyya, sai ɗan abin da kasuwa ta koya mana, kuma in ban da tafiyar Makka da 'yar zirga-zirgar Kano ba abin da ya haɗa mu da jirgi. To amma da dalili. Shekarun baya gidanmu ya ɗauki nauyin ɗan ƙanenmu ya yi wannan karatu, muka bi shi taki-taki tun daga cika fom har ranar da ya sami aiki. Mun kashe abin da muka kashe, an kuma cuce mu a wuri guda. Sa'an nan shugabanni sun shaida mana cewa cikin 'yan watannin nan gidaje uku sun zo neman taimakon ƙungiya a kan wannan magana, har ɗaya daga ciki yana shirin sa gidansa a kasuwa. Shi ya sa aka ce mu zo mu faɗi abin da muka gani, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu mutanen Agege jirgi ba baƙonmu ba ne. Filin jirgin Murtala Muhammed yana nan Ikeja kusa da mu, dare da rana suna wucewa ta kanmu, ba abin mamaki ba ne in yaronmu ya ɗaga kai ya ce shi ma abin da zai zama ke nan. Kuma ba buri ne da ya fi ƙarfin ɗan Arewa ba. Jiragen sama na farko da suka zo ƙasar nan a Kano suka sauka, cikin 1925, kuma kwalejin koyon aikin jiragen sama ta farko a Zariya aka kafa ta, cikin 1964. Sai dai zamani ya canza. Da can akwai kamfanin jiragen gwamnati, Nigeria Airways, shi ne babban mai ɗaukar matuƙa, yaro talaka in yana da ƙoƙari sai ya sami hanya. Wannan kamfani ya daina aiki tun 2003. Yau yawancin nauyin ya dawo kan iyaye.

WANE IRIN SHIRI NE?

Abin da za mu fara rarrabewa shi ne, in an ce shirin kadet, wato shirin da kamfanin jirage ke ɗaukar wanda bai taɓa tuƙi ba a horar da shi har ya zama mataimakin kyaftin, to ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wanda kamfani ke biyan komai, yaro kuma ya sa hannu cewa zai yi musu aiki shekara kaza. Wannan shi ne mai kyau, shi ne kuma mai wuyar samu. Alal misali, kamfanin British Airways na Ingila ya buɗe irin wannan cikin 2023, yana biya wa kowane ɗalibi wajen fam dubu 100. Fiye da mutum dubu 20 suka nema, gurbin kuwa bai wuce 100 ba, kuma sai wanda yake da izinin zama da aiki a Ingila. Haka abin yake a yawancin ƙasashe, 'yan ƙasarsu suke yi wa, ba ɗan Agege ba.

Akwai na biyu, wanda kamfani ke zaɓen yaro ya tura shi makarantar da ya yarda da ita, amma iyaye ke biya, ko a haɗa su da banki, ko a riƙa cirewa daga albashinsa in ya fara aiki. Na uku kuwa makaranta ce kawai ta laƙaba wa kwas ɗinta sunan kadet don jawo ciniki, ba kamfanin da ya yi alkawarin komai. Saboda haka tambayar farko da uba zai yi ita ce, wa zai biya, wa kuma ya yi alkawarin aiki, a ina aka rubuta alkawarin?

LIKITA KAFIN KUƊI

Abu mafi muhimmanci a jawabin nan shi ne wannan: kada ku biya ko sisin kwabo sai yaro ya ga likita. Ba likitan unguwa ba, likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta ba izini, shi ke ba da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda ba a tuƙa jirgin haya sai da ita. Za a duba ido da kunne da zuciya da huhu, a auna jini da fitsari. Sa tabarau kaɗai ba ya hana mutum, muddin tabarau ya gyara ganin yadda ake so. Amma farfaɗiya, da ciwon sikila, da wasu cututtukan zuciya, suna iya rufe ƙofar baki ɗaya.

Akwai kuma wani abu da mutum zai girma har ya yi furfura bai san yana da shi ba, shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore. A kasuwa wannan ba komai ba ne. A jirgi kuwa fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore ce, fitilun da ke gefen titin sauka masu nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa, fari ne da ja. Mun san wani yaro mai ƙwaƙwalwa, uban har ya sayar da shanu ya tara kuɗin zangon farko, likita ya buɗe masa littafin ɗigo-ɗigo masu launi ya ce karanta lambar da ke ciki, yaro ya kasa. Cikin minti biyar magana ta ƙare. Allah ya sa ba a riga an biya ba. Ku kuma samari ku ji da kyau, fitsari ba ya rufa asiri. Mai shan wiwi ko ƙwaya ko ruwan kodin, ya nemi wata sana'ar.

Bayan likita sai takardu. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, ciki dole da Turanci da Lissafi da Fiziks. Don haka uban da ke da wannan buri sai ya duba tun yaro yana aji uku, ya ga ya shiga ɓangaren kimiyya, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma shirin na kamfani ne, akwai tankaɗe da rairaya kala-kala: lissafin ka ba da na'ura ba, gwaji a kwamfuta inda hannu ke wani aiki, ƙafa na wani, kunne na sauraron lambobi, sa'an nan a haɗa su su biyar ko shida a ba su wata matsala su warware, ana zaune ana kallon wane ne mai danne mutane, wane ne kuma mai noƙewa. Duka biyun ba a so. Daga nan sai ganawa ido da ido.

KARATUN ƘASA

Yaronmu ya ɗauka yana isa makaranta za a ba shi jirgi. Ina! Wata da watanni ya yi a aji bai taɓa ko tayar jirgi ba. Ana koyar da dokokin sararin sama, da ilmin yanayi, wato gajimare da iska da hadari, da sanin hanya da taswira, da yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, da inji da lantarki, da yadda jikin ɗan Adam ke yi in iska ta yi ƙaranci ko barci bai ishe shi ba, da maganar rediyo, da lissafin nauyi. Wannan na ƙarshe mu masu lodin tirela mun fi kowa gane shi. Ba yawan kaya kaɗai ba, inda aka ɗora su. In nauyi ya koma baya ko gaba fiye da ƙima, mota takan yi tangal-tangal a Jebba, jirgi kuwa ba gefen titin da zai raɓa a gyara lodi.

Awo ma nasu daban ne. Tsawo da ƙafa ake faɗinsa, nisa da mil na teku, wanda ya kai kilomita 1.852, lokaci kuma agogo ɗaya duk duniya ke bi don kada a sami saɓani. A tsarin ƙasashen Turai takardun jarrabawa 13 ne, kowace sai an ci 75 cikin 100, kuma sau 4 kacal aka yarda mutum ya zauna wa takarda ɗaya. Ba a san maganar a taimaka a ɗaga maki ba.

Sai Turanci. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa iya Turanci mataki 6, kuma tun 2008 ta ce matuƙin da zai yi aiki tsakanin ƙasashe sai ya kai mataki na 4 aƙalla. Yaranmu na nan Kurmi suna jin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, wannan baiwa ce, amma ba shi ake nufi ba. Ana nufin mutumin hasumiya ya yi maka magana da sauri cikin ƙarar inji, ka fahimta, ka maimaita masa daidai, ba ƙari ba ragi.

SAI A HAU SAMA

Jirgin koyo ɗan ƙarami ne, mai farfela ɗaya, kujera biyu ko huɗu, cikinsa bai fi na tasi ba. Ɗalibi na hagu, malami na dama, kowa da sitiyarinsa. Kwanakin farko wasu har amai suke yi, wannan ba abin kunya ba ne, jiki yana sabawa. Za a koya masa miƙewa, da juyawa, da hawa da gangarowa. Za a sa shi ya ɗaga hancin jirgi da gangan har fiffike ya daina ɗauka jirgi ya sunkuya, don ya san alamar abin ya kuma iya ceto kansa. Malami zai rage wutar inji ba sanarwa ya ce, to inji ya mutu, nuna mini gonar da za ka sauka. Sa'an nan sai tashi da sauka, a tashi a kewayo a taɓa ƙasa a sake tashi, har sai ya zama jiki, domin sauka ita ce mai wuya.

Galibi tsakanin awa 10 zuwa 20 na tuƙi, wata rana malami zai buɗe ƙofa ya fita ya ce je ka kai kaɗai. Ranar da yaronmu ya yi nasa ya bugo waya muryarsa na rawa, uwarsa kuwa sai da ta yi kuka, ta ce da ta san yau ne da ba ta iya cin abinci ba.

Lasin ma hawa-hawa ne, kamar na mota. Akwai na firabit, wanda za ku ga an rubuta PPL, ana samunsa daga awa 40 zuwa sama, amma ba a ɗaukar fasinjan kuɗi da shi. Akwai na haya, CPL, shi ne ke ba mutum damar a biya shi, yana bukatar awa 200, ko 150 in kwas ne haɗaɗɗe da hukuma ta amince da shi, kuma sai mai shekara 18. A cikin sharuɗɗansa har da doguwar tafiya ta kilomita 540 da ɗalibi zai ja da kansa, ya sauka a filaye biyu daban. A tsakani akwai tuƙin dare, da tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, inda ake rufe wa ɗalibi ganin waje. Hikimar ita ce a cikin gajimare jiki yana yi wa mutum ƙarya, ka ji kamar a miƙe kake alhali jirgi ya karkace, sai an koya maka ka ƙaryata jikinka ka gaskata allura. Daga nan sai jirgi mai inji biyu, inda malami ke kashe ɗaya ya ga yadda za ka yi.

A takarda duk wannan wata 18 ne zuwa shekara 2. A zahiri yakan wuce. Ɗalibi ba ya tashi sai yana ganin nesa, to a Zariya in hazon hunturu ya sauko sai a yi kwana da kwanaki ba wanda ya tashi, a Ilori kuma, inda akwai wata kwalejin, damina ce ke tsare su. Ga jirgi ya shiga gyara, ga ɗalibai sun fi jirage yawa. Duk watan da aka ƙara kuwa, ci da sha da ɗaki suna kan uba. Kuma kowane mataki da gwajinsa. Wanda ya faɗi za a ƙara masa awoyi, awa kuwa da kuɗi ake sayenta, in faɗuwar ta yi yawa a sallame shi.

INDA TARBIYYARMU KE KARO DA AIKIN

Akwai wani darasi da muke so iyaye su saurara, don mu ya shafa. Babban jirgi mutum biyu ke tuƙa shi, kyaftin da mataimaki, kuma ana yin kwas na musamman a kan yadda za su yi aiki tare. Mu mun tashi, mun kuma tashi 'ya'yanmu, a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya musu da shi, in babba ya yi kuskure sai a yi shiru ko a kewaya. A gida wannan ladabi ne. A gaban jirgi yana iya zama ajalin mutum ɗari.

Cikin 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya kai shi yawan rai ba. Kyaftin ɗin ɗayan jirgin babba ne ƙwarai a kamfaninsu, shi ke horar da wasu. Ya fara gudun tashi yana zaton an ba shi izini, na ƙasa da shi ya nuna shakka, amma bai tsaya a kan maganarsa ba. Wannan haɗari yana cikin abin da ya sa aka canza horo a duniya, aka ce dole ƙarami ya buɗe baki ya faɗa, in ba a ji ba ya sake faɗa da ƙarfi.

Yaronmu a nan ya fi shan wuya, ba a lissafi ba. Malaminsa yakan yi kuskure da gangan don ya ga ko zai tanka, shi kuwa sai ya yi shiru don kunya, a rubuta masa faɗuwa. Ba cewa muke a koya wa yara rashin kunya ba. Cewa muke a bar yaro ya saba faɗin gaskiya a gaban babba cikin ladabi. In ya ce Baba lissafin nan bai yi daidai ba, a duba lissafin kafin a duba shekarunsa.

LASIN BA AIKI BA NE

To, yaro ya gama, ya dawo da farar riga da igiya a kafaɗa, an yi walima an ɗauki hoto. Mu ma mun yi. A nan ne muka gane cewa rabin tafiya aka yi. Lasin haya na ƙananan jirage ne. Kowane babban jirgi, ko Boeing 737 ne ko Airbus ko Embraer, yana da nasa kwas daban da ake kira taif retin, wato shaidar iya wannan nau'in jirgin. Ana yin sa mako shida zuwa takwas, yawanci a cikin na'urar kwaikwayo, wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe mai motsi kamar jirgin gaske, inda ake kunna wa mutum gobara da hadari da mutuwar inji. Kuɗinsa kaɗai dubban daloli ne masu yawa. Bayan shi sai tashi da sauka da jirgin gaske ba fasinja, sa'an nan tafiye-tafiye da fasinja a gefen kyaftin mai horarwa, kafin a ce ya zama cikakken mataimaki. Babban lasin kuwa, ATPL, wanda ba a zama kyaftin ɗin jirgin fasinja sai da shi, sai an tara awa 1,500.

A shirin kadet na gaskiya kamfani ke ɗauke da wannan mataki, wannan ita ce fa'idarsa. Wanda ya biya wa kansa kuwa sai ya tarar kamfanoni suna neman mai taif retin da awoyi, awoyin kuma ba a samunsu sai an ɗauke ka. Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, kuma da yawa daga cikinsu sun dawo da lasin suka daɗe suna jiran aiki. Ga shi kuma lasin ba ya jira, takardar lafiya da shaidar tuƙi da agogo duk shekara ake sabunta su, da aiki ko ba aiki. Wanda ya yi karatu a waje, ko Afirka ta Kudu ko Amurka ko Habasha, sai hukumar nan ta tantance lasin nasa kafin ya yi aiki da shi a gida. Namu yaron kusan shekara biyu ya yi a shago yana riƙe mana littafin bashi kafin Allah ya kawo masa.

Ko alkawarin kamfani ma yana da sharaɗi. Cikin 2020 da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanoni manya a duniya sun dakatar da ɗaukar kadet, har da waɗanda suka yi nisa a horo. Kasuwar jirgi kasuwa ce kamar kowace, tana hawa tana sauka.

In kuma an sami aikin, ku sani ba hutu ba ne. Tashin ƙarfe uku na dare, sallar idi a wani gari, gwaji a na'urar kwaikwayo sau biyu a shekara, likita duk shekara, kuma ranar da likita ya ce a'a, ranar aiki ya tsaya. Wanda lafiya ta kai shi, a shekara 65 yake ajiye tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe.

MAGANAR KUƊI DA 'YAN DAMFARA

'Yan'uwa masu canji sun fi mu sanin wannan. Jirgi da kayan gyaransa da na'urar kwaikwayo duk da dala ake lissafinsu, ko da makarantar a gida take. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafinsa da naira ya tura yaro waje, a tsakiyar karatu sai ya ga kuɗin ya ninka uku bai ƙara ko awa ɗaya ba. Rabin karatun jirgi kuwa ba ya sayuwa.

Ga inda aka cuce mu. Wani mutum mai kwat da jaka, wanda wani ya haɗa mu da shi, ya ce yana da hanya a wani kamfanin jirage na waje, za a ɗauki yaro kyauta, amma a ba da kafin alƙalami don a riƙe masa gurbi. Ya nuna mana takardu masu hatimi da hoton jirgi. Mu da ba ma sayen huhun goro sai mun kwance mun duba har ƙasa, muka ƙirga kuɗi muka ba shi ba mu tambayi kowa ba. Tun daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Cinikin biri a sama muka yi, laifin kuma namu ne. Kamfanin gaske da kansa yake tallata gurbinsa, ba ya aiko dillali, ba kuma ya karɓar kuɗi ta asusun wani mutum.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Na ɗaya, likita tukuna, kamar yadda muka faɗa.

Na biyu, a tabbatar hukuma ta san da makarantar, sa'an nan a tashi mutum ya je da ƙafarsa. Ya ƙirga jirage nawa ke tashi, ba nawa ke ajiye ba, ya tambayi ɗalibai nawa ne, ya keɓe da waɗanda suka kusa gamawa ya ji wata nawa suka yi.

Na uku, kada a biya kuɗi dunƙule ko an yi alkawarin rangwame. A biya zango-zango, ta asusun makaranta, a karɓi rasiɗi.

Na huɗu, yarjejeniya a kai wa lauya ya karanta ya fassara da Hausa. A ji ko aiki aka yi alkawari ko kuwa ganawa kawai. A ji wa zai biya taif retin. A ji in yaro ya faɗi, ko ya yi rashin lafiya, ko kamfani ya durƙushe, bashin kan wa zai faɗa. A ji shekara nawa aka ɗaure shi, nawa ne kuma tarar fita. Wanda za a ce ya tsaya wa yaro ya san cewa takardar gidansa ce yake ajiyewa. In akwai kuɗin ruwa a ciki, ga malamanmu nan, a tambaye su tun ba a sa hannu ba.

Na biyar, lissafi ya kai har ƙarshe, da taif retin da zaman jira na shekara ɗaya ko biyu. In bai kai ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ra'ayinmu shi ne kada a sayar da gidan da iyali ke ciki, kada kuma a taɓa uwar kuɗi. In ƙungiya za ta sa hannu, ta sa wa yaron da ya riga ya wuce likita ya kuma ci gwajin shiga, kuma ta sa a matakin ƙarshe inda yara ke maƙalewa.

Na shida, a tuna ba ƙofa ɗaya ba ce. Akwai sojan sama ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, inda gwamnati ke ɗaukar nauyi. Kwalejin Zariya kuma ba matuƙa kaɗai take yaye wa ba, tana horar da injiniyoyin jirgi, da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masu tsara tafiyar jirgi a ƙasa, kuɗinsu bai kai na tuƙi ba. 'Yan matanmu ma kada a ce ba da su ba. Mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a ƙasar nan, Kyaftin Chinyere Kalu, a Zariya ta koya, kuma cikin 2011 aka ba ta shugabancin kwalejin.

Jama'a, ba mun zo mu kashe wa kowa gwiwa ba ne. Yaronmu yau yana aiki, in jirginsu ya bi ta kan unguwar nan uwarsa takan fito tsakar gida ta ɗaga kai, ko da ba ta san ko shi ne a ciki ba. Muna so mu ga irinsa goma daga Agege. Amma muna so su kai can iyayensu na zaune a gidajensu, jarinsu na hannunsu. Duk wanda ke da takarda a hannu yana shakka, bayan an tashi muna nan bakin ƙofa, ya kawo mu duba tare, abin da ya fi ƙarfinmu mu kai wa wanda ya sani.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu abin da za mu ɗauki nauyinsu.